Yadda Ake Tuƙa Mota Mai Giyar Hannu, Daga Filin Koyo Har Gangaren Ngaundare

Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Yawunde, Ngaundare ce ƙarshen tafiyarsa. Daga nan duk abin da zai isa Garwa da Marwa da Kusuri, har ya haye gadar Ngeli ya faɗa Njamena, bisa taya yake tafiya: siminti ne, shinkafa ce, ko fasinja. Motocin da ke wannan ɗawainiya kuwa, kama daga tirela da manyan motocin auduga zuwa Hiace da Hilux da Land Cruiser ɗin da ke keta yashin Cadi, galibinsu masu giyar hannu ne, wato manuwal. Shi ya sa a wajenmu wanda bai iya kuloci ba, ko da farmi, wato lasin tuƙi, a aljihunsa, tuƙinsa na gida ne kawai. Zai kai iyali biki a otomatik ya dawo da su lafiya, amma a tasha babu mai miƙa masa makulli.

Ba ko'ina haka take ba. A Amurka, inda kamfanin Oldsmobile ya fara sayar wa jama'a otomatik a motocinsa na 1940, yau sababbin motoci masu giyar hannu da ake saya ba su kai biyu cikin ɗari ba, har akan sami mai jikoki da bai taɓa taka kuloci ba. Turai ta daɗe riƙe da manuwal, amma ita ma ta fara saki: a Ingila tun 2020 sababbin otomatik suka rinjayi manuwal a kasuwa. Motar lantarki kuwa ba ta san kuloci ba sam. Mu dai abin da suka gama hawa shekara goma sha da suka wuce shi ake sauke mana a tashar Duwala, kuma bakanikenmu na bakin kasuwa ya san giyabos ɗin manuwal ciki da bai, alhali na otomatik in ya lalace sau da yawa sai dai a nemo wani a ɗaura. Wannan ilimi yana da sauran kwana a nan.

Kafin makulli ya shiga

Nemi fili shimfiɗaɗɗe mai ƙasa mai tauri, inda ba yashi, ba yara masu ƙwallo, ba awaki. Fita da sassafe. A watannin Maris da Afrilu, rana in ta take a Garwa ko Marwa zafi kan haura digiri 40, mai koyo kuwa ko da sanyi gumi yake yi. Tafi da wanda ya iya, mai farmi, mai haƙuri. Na ƙarshen nan ya fi wuyar samu. Uba da ɗa, ko miji da mata, sau da yawa da faɗa darasin ke ƙarewa, don mai mota kunnensa na kan kukan giyarsa, ba kan ɗalibi ba. Baffa ko abokin yaya sun fi sanyin baki.

In da zaɓi, koya da ƙaramar mota mai fetur, irin su Corolla ko Starlet. Mai gazuwal, wato dizal, tana da ƙarfi tun daga silo, ba ta saurin mutuwa, tana rufa wa mai koyo asiri. Daɗi gare ta, amma tana ɓata ƙafa. Wanda ya koya da mai fetur in ya hau Hilux ba shi da matsala, wanda kuwa ya fara da Hilux ranar da aka ba shi Starlet sai ya sake zama ɗalibi.

Bar silifas a gida, don sukan zame ko su maƙale ƙarƙashin feda. Sa takalmi mai kama diddige, mara kaurin ƙasa, yadda za ka ji abin da kake takawa. In da babbar riga kake, tattare hannunta bisa kafaɗa kar ya naɗe sandar giya. Ke kuma mai hijabi, tattaro shi bisa cinya, ki ɗan ɗage zani ya bar ƙafafu su sake.

Zauna, ka taka fedar hagu har ƙasa. In sai ka miƙe ƙafa sarai ko ka karkata ƙugu kafin ta kai, matso da kujera gaba har gwiwa ta zama da ɗan lanƙwasa. Yawancin ƙarar giya da masu koyo ke yi daga nan take: kujera ta yi nisa, kuloci bai kai ƙasa ba. Gyara madubai uku, ɗaura bel.

Feda uku ne: ta hagu kuloci, ta tsakiya birki, ta dama totur. A oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, da Faransanci za ka ji sunayensu, amma wurin kowace bai canzawa. Ƙafar hagu aikinta ɗaya tak, kuloci, in ta gama ta koma gefe ta huta. Ta dama ita ke kai da komo tsakanin totur da birki, diddige a ƙasa. Ba da wannan jeri mota ta zo duniya ba. Ford Model T da ta fito a 1908 ita ma feda uku gare ta, amma ta tsakiya ribas ce, ta dama birki, totur kuwa wani ɗan ƙarfe ne a jikin sitiyari. Sai a shekarun 1920, da ƙananan motoci irin Austin 7 ta Ingila suka bazu, jerin da muka sani ya zauna, kuma yau daga Tokiyo har Mokolo shi ne.

Ka san injin markaɗe: faranti biyu, ɗaya na juyawa, ana matso da ɗayan a hankali har su haɗu. Haka kuloci yake. Faranti ɗaya na jikin inji, yana juyawa muddin inji na aiki. Ɗayan na haɗe da giyabos, daga nan zuwa tayoyi. In ƙafarka na sama, sifirin ya matse su gam, tare suke juyawa. In ka taka har ƙasa sun rabu, inji na ta juyinsa tayoyi ba su sani ba. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri da bai fi faɗin yatsa biyu ba, inda suke gogar juna ba su gama kamawa ba. Duk tuƙin manuwal a wannan ɗan wuri yake.

Inji na kashe, taka kuloci ka zagaya giyoyi. A yawancin Toyota masu giya biyar, lamba ɗaya hagu ce sannan gaba, lamba biyu hagu sannan baya, uku gaba a tsakiya, huɗu baya a tsakiya, biyar dama sannan gaba, ribas dama sannan baya. Tsakiyarsu duka firi ne, inda sanda ke kaɗawa hagu da dama. In ka sake ta a firi, da kanta take tsayawa daidai layin uku da huɗu. Riƙe wannan, shi zai raba ka da lalube. Motocin Turai da dama, irin Volkswagen da Renault, ribas ɗinsu na maƙwabtaka da lamba ɗaya, sai an danna sandar ƙasa ko an ɗaga wani zobe da ke wuyanta kafin ta shiga. Yi ta yi har hannu ya haddace, ido na kan gilashin gaba. Mai sunkuyawa duba giya yana cikin tafiya, shi ke hawa kan ɗan babur.

Mataki na farko: tayarwa

Birkin hannu a ja, sanda a firi, kaɗa ta ka tabbata. Taka kuloci har ƙasa sannan ka murɗa makulli, inji na kamawa ka saki makullin. In tsohuwar mai gazuwal ce, murɗa rabi tukuna, ka jira fitilar nan mai siffar murɗaɗɗiyar waya ta mutu. Saba wa kanka taka kuloci kullum kafin tayarwa, don wata rana wani zai bar motar a giya, ka murɗa ta yi tsalle ta daki bangon maƙwabci.

Mataki na biyu: nemo inda kuloci ke kamawa

Nan za a daɗe, kuma wanda ya tsallake nan zai yi shekara yana tuƙi fasinja na gyaɗa kai ba don yarda ba.

Kuloci a ƙasa, ƙafar dama a birki, sa lamba ɗaya, sauke birkin hannu. Tun da filin shimfiɗe yake, ɗauke ƙafa daga birki ka ajiye ta a ƙasa. Kar ka taɓa totur ko kaɗan. Fara ɗago ƙafar hagu a hankali, a hankali ƙwarai. Da farko ba abin da zai faru. Can sai ka ji muryar inji ta ɗan yi ƙasa, sitiyari da kujera su soma ɗan rawa, hancin mota ya ɗan ɗaga. In motar na da agogon zagayen inji, za ka ga allurar da ke zaune wajen 800 ta ɗan sunkuya. Nan ne wurin. Nan ne malami ke cewa, "Riƙe nan, ɗana, kar ka ƙara!" Tsayar da ƙafar cak. Mota za ta fara rarrafe da kanta. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu tana tafiya, sannan ka ƙarasa ɗagowa sannu-sannu ka cire ƙafar. Ka yi tafiyar taku ashirin, taka kuloci har ƙasa, taka birki, tsaya. Sake. Sake kuma.

Kuskuren kusan kowa ɗaya ne: da ya ji mota ta motsa, murna ko tsoro ya sa ya saki ƙafar gaba ɗaya. Sai ta yi tsalle biyu ta mutu. Inda ake bukatar tsayawa nan yake gudu. Ɗagowar farko ana iya yi da ɗan sauri, ta ƙarshe ma haka, tsakiyar ce ake jinkiri.

Mota za ta mutu, babu wanda ba ta mutu masa ba. In ta mutu, taka birki, taka kuloci, mayar firi, tayar. Koyi wannan jeri tun a fili, don ranar da ta mutu maka a gaban babbar kasuwar Garwa babura na ta ham ta ko'ina, hannu ne zai yi aikin, kai ba zai samu sukunin tunani ba.

Samarinmu da suka tashi a kan babur, wanda a Garwa da Marwa kusan kowa ne, sun riga sun san wannan wuri da hannun hagu, aikinsu kawai su sauko da shi ƙafa. Amma su kiyaye abu guda. Kulocin yawancin babura a cikin mai yake wanka, yana jure a riƙe shi rabi a daɗe. Na mota busasshe ne. Ka riƙe shi rabi kana ba da wuta, ƙonewa yake yi, za ka ji ƙaurinsa har cikin mota.

Mataki na uku: haɗa da totur, da tsayawa

In ƙafar hagu ta gane wurinta har kana iya zuwa can ido rufe, kawo ta dama. Lamba ɗaya, ɗan taɓa totur har inji ya ɗaga murya kaɗan, wajen 1,500 a agogo, ka riƙe shi nan. Ɗago kuloci zuwa wurin kamawa, riƙe, mota ta tashi, ƙara totur kaɗan-kaɗan kana ƙarasa sakin kuloci. In inji na ihu mota ba ta tafiya, wuta ta yi yawa kuloci bai kama ba. In tana kakkarwa tana neman mutuwa, kuloci ya riga wuta.

Tsayawa iri biyu ce. In rarrafe kake a lamba ɗaya, kuloci tukuna sannan birki. In kana da gudu, birki tukuna, sai gudu ya ragu inji na gab da fara kakkarwa sannan kuloci. Masu koyo da yawa na taka kuloci tun daga nesa da sun hango shingen jandarma, ba su san sun raba inji da tayoyi ba, sun bar wa birki aikin shi kaɗai. In ka tsaya kuma tsayuwar za ta ɗan jima, mayar firi ka ɗauke ƙafa. A tsayuwar gaggawa babu lissafi, danne birki da ƙarfi, kuloci ya biyo.

Mataki na huɗu: canza giya

Lamba ɗaya ta tashi ce kawai. Mota ta yi tsawon jikinta biyu ko uku, lokacin lamba biyu ya yi. Ɗauke ƙafa daga totur, a daidai lokacin taka kuloci har ƙasa da sauri, ja sanda baya kana ɗan danna ta wajen hagu, ɗago kuloci a natse, koma totur. Daga biyu zuwa uku, tura sanda firi, sassauta hannu ta dawo tsakiya da kanta, sannan ka tura gaba. Mai riƙe sanda da ƙarfi shi ke tsallakawa biyar ko ya koma ɗaya. Yatsu uku sun isa.

Ga ƙaramar mota mara kaya a hanya shimfiɗaɗɗiya, ana shiga lamba biyu wajen kilomita 15 zuwa 20 a awa, uku wajen 30, huɗu wajen 50, biyar daga 70. A agogon inji, mai fetur tsakanin 2,000 da 2,500, mai gazuwal ƙasa da haka kaɗan. Amma ka cika Hiace da mutane, ka ɗora buhunan albasa a bisa, waɗannan lambobi sun tashi aiki, dole kowace giya ta ja da nisa kafin a canza. Saboda haka kunne ya fi agogo. Inji na kuka da siririyar murya, yana neman giya ta gaba. Yana gurnani mota na kakkarwa ka taka ba ta amsawa, yana neman ta baya. Kashe rediyo har kunnen ya buɗe.

Mu da muke tura sanda ta shige shiru, albarkacin wasu zobba ne a cikin giyabos masu daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, waɗanda Cadillac ta fara sawa a 1928. Manyan motocin kaya sun daɗe ba su da su, shi ya sa tsofaffin direbobi ke taka kuloci sau biyu: taka, fitar firi, saki, in saukowa za a yi a ɗan ba da wuta, sake takawa, sa giya. Ka ga dattijo na yin haka a Corolla, kar ka yi dariya, ƙafarsa ce ta tuna zamaninta, kuma in zobban motarka sun cinye har lamba biyu na ƙara, dabararsa ce za ta kai ka gida. Tsofaffin direbobin nan ne kuma suka tuƙa Fijo 404, wadda ta fito a 1960 da sandar giya a wuyan sitiyari, kafin 504 ta 1968 ta mamaye hanyoyinmu, musamman bayan an fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975.

Saukowa ta fi hawa bukatar lura. Rage gudu da birki tukuna, sannan kuloci, sannan giyar da ta dace da gudun da ya rage, sannan ka ɗago kuloci a hankali fiye da yadda kake yi wajen hawa. Ba dole ka bi su ɗaya-ɗaya ba, daga huɗu ana iya zuwa biyu in gudun ya sauka sosai. Gama duk wannan kafin kwana, kafin rami, kafin tudun rage gudu. A cikin kwana hannu biyu na sitiyari, kuloci a sake. In za ka wuce tirela a hanyar Figil, sauko daga biyar zuwa huɗu ko uku tun kana bayanta, don mota ta amsa nan take. Zama gefen tirela a lamba biyar kana lallaɓa totur, wasa da rai ne.

Ribas ba ta shiga sai mota ta tsaya cak. In ta ƙi, kar ka yi kokawa da ita: koma firi, saki kuloci, sake takawa, ko ka sa lamba ɗaya sannan ka dawo mata. Tafiyar baya kusan duk da kuloci ake yin ta, ana ɗan kamawa ana ɗan takawa, totur kaɗan ko babu.

Mataki na biyar: tashi a kan tudu

Nemi ɗan hawa inda ba kowa a bayanka. Tsaya, ja birkin hannu. Kuloci, lamba ɗaya. Ba da wuta fiye da ta fili, wajen 2,000. Ɗago kuloci har hancin mota ya ɗaga, ka ji tana jan birkin tana son tafiya. Riƙe ƙafafu biyu yadda suke, danna maɓallin birkin hannu ka sauke shi a hankali. In ta tsaya cak ko ta soma gaba, ƙara wuta ka ƙarasa sakin kuloci. In ta soma baya, kar ka firgita, taka birki, ja na hannu, sake daga farko. Wasu na ganin tashi da birkin hannu aikin ɗan koyo ne. A kan hawan Mokolo zuwa Rumsiki da mota cike, ni dai ban ga abin kunya a ciki ba, kuma ko direban tirela yaronsa na tsaye da weji, abin tokare taya, a hannu.

In za ka ajiye mota, birkin hannu kaɗai bai isa ba. Bar ta a lamba ɗaya in hancinta na kallon sama, a ribas in yana kallon ƙasa.

Gangara

Kimanin kilomita 280 ne daga Ngaundare zuwa Garwa, kuma ba a yi nisa da fita ba ake isa falez, wato babban gangaren nan inda hanya ke saukowa daga tsaunin Adamawa mai tsayin sama da mita 1,000 tana nufar kwarin Binuwai, kwana bisa kwana. Ko tsofaffin direbobi sukan yi bisimilla su gyara zama in sun iso nan.

Ƙa'idar tsohuwa ce: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Tun kana bisa, kafin gangaren ya fara jan ka, rage gudu ka sa lamba uku, in da kaya ko gangaren ya yi tsanani lamba biyu. Saki kuloci gaba ɗaya, ɗauke ƙafa daga totur. Inji zai yi ƙara, bar shi, aikinsa yake yi, shi ke riƙe motar. Birki kuwa a taka shi da ɗan ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya sauka, a saki ya sha iska, a sake. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, man birki ma ya iya tafasa, ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa ba komai. In ka fara jin ƙauri ko feda ta yi laushi, nemi wuri ka tsaya tun tana tsayuwa, ka jira ya huce.

Akwai masu sa firi a gangara wai don tsimin mai, har da masu kashe inji ɗungum. Na farkon ya zubar da riƙon inji a banza, kuma a motoci masu injekta ko man bai tsira ba: in kana cikin giya ka ɗauke ƙafa daga totur, kwamfutar mota yanke mai take yi, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba inji abin da zai hana shi mutuwa. Na biyun ya fi muni, don da inji ya mutu, bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, in ya murɗa makulli da yawa ma ya kulle. Kwalba ɗaya ta zuwa-zuwa, man da ake sayarwa a bakin hanya, ba ta kai wannan ba.

Wajen hawa, sauko da giya tun inji bai fara gurnani ba, kuma da sauri, don kowane daƙiƙa da kuloci ke ƙasa mota na rasa gudu.

Yashi, laka, ruwa

Mayo, wato rafi, da rani yashi ne, da damina kogi. A yashi zaɓi giyarka tun kana kan ƙasa mai tauri, galibi lamba biyu, ka shiga da ɗan gudu, totur daidai wa daida, ba canza giya a tsakiya, don kana taka kuloci yashi zai kama tayoyi. In ta tsaya, kar ka yi ta ba da wuta, rami kake haƙa wa kanka. Gwada ribas a kan sawunka. In ta ƙi, sauka ka kwashe yashin gaban tayoyi, rage musu iska su baje, shimfiɗa tabarma ko rassa, ka tashi a hankali. Ka tuna mayar da iskar da ka koma kwalta. Mai kat-kat, wato motar da tayoyinta huɗu ke ja, irin Hilux ko Land Cruiser ya sa ƙaramar sanda a H4 kafin shiga, in ya yi tsanani ya tsaya ya sa L4, in kuma motar mai makulli ce a cibiyar tayoyin gaba ya sauka ya murɗa su. Ya dawo busasshiyar kwalta ya mayar H2, inda tayoyi biyu kawai ke ja.

Baƙar lakar karal ta wajen Waza da Dabanga, wadda ake dasa dawar muskuwari a cikinta, in ta sha ruwa santsi gare ta ga danƙo. Tashi da lamba biyu, wuta kaɗan, don tayoyi kar su yi ta juyi a wuri ɗaya. Ba birkin gaggawa, ba fizgar sitiyari.

Ruwa kuwa, in yana gudu kuma ya kusa gwiwa, jira, ko da kwana ne. In kwantacce ne mara zurfi, lamba ɗaya, wuta daidai, ba tsayawa, ba taɓa kuloci har ka fita. Da ka fita, ɗan taka birki kana tafiya ya bushe. In inji ya mutu a cikin ruwa kar ka sake tayarwa, a tura ta waje.

Batir ya yi sanyi

Nan manuwal ke nuna gatanta, don yawancin otomatik ba sa tashi da turi. Murɗa makulli fitilun gaban direba su kama, taka kuloci, sa lamba biyu, ba ɗaya ba. Samari su tura har ta kai gudun mai sassarfa. Saki kuloci da sauri, inji na kamawa ka sake takawa ka ba da wuta. In batir ya mutu murus har fitilu ba sa kamawa, mota mai injekta ba za ta tashi ba ko an tura ta har garin Fitowa, don famfon mai da kwamfuta na bukatar wuta. Sai a nemo waya a ja daga wata motar.

Abin da ke cinye kuloci

Ɗora ƙafa a kansa ana cikin tafiya, ko da ba a danna ba. Riƙe mota da rabin kuloci a kan tudu maimakon birki. Zama a giya da kuloci a ƙasa a dogon layi irin na gadar Ngeli, inda ya fi kyau ka bar tazara ta buɗe sannan ka matsa sau ɗaya. Jingina hannu a kan sanda kuwa cikin giyabos yake ci. In za ka sayi motar hannu, ja birkin hannu da kyau a wurin da ba kowa a gaba, sa lamba uku, ɗan ba da wuta ka saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. In inji ya ci gaba da aiki, farantin ya cinye, a rage maka kuɗinsa. Haka in kana hawa ka ga allurar inji na tashi gudu bai ƙaru ba.

Farmi da ƙetare iyaka

A Kamaru da shekara 18 ake neman farmin B, na ƙananan motoci. Yi koyonka da jarrabawarka da manuwal, musamman in kana da niyyar fita waje. A Ingila wanda ya ci jarrabawa da otomatik ba shi da izinin tuƙa manuwal sai ya sake wata. A Faransa mai koyon manuwal na yin aƙalla awa 20 a makaranta, mai otomatik awa 13, amma in ya so manuwal daga baya sai ya ƙara awa 7.

Cadi da Kamaru da Nijar duk dama ake bi, Nijeriya ma ta koma dama tun 1972, saboda haka daga Njamena zuwa Yola ko Maiduguri hannunka bai canza ba. A Ingila da Japan da Indiya da Kenya hagu ake bi, direba na zaune a dama, sanda na hannun hagu. Fedoji na nan yadda ka san su, zanen giya ma haka, sai dai lamba ɗaya da ka saba jawowa wajen jikinka yanzu turawa za ka yi nesa da kai.

Ranar da aka ba ka otomatik, a Saudiyya ne ko a nan gida, naɗe ƙafar hagu can baya kusa da kujera kafin ka tashi. Fedar birkinta faɗi gare ta, kuma ƙafar da ta saba neman kuloci in za a tsaya, ita za ta samu ta danne har ƙasa, Hajiya da ke baya ta tsinci kanta a kujerar gaba.